Warin Marka a Hanyar Falgore: Tarihin Funfuna Cikin Mota

Wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos, ya san wani wari da ke zuwa tare da marka. Da zarar direba ya ɗaga gilasai ya kunna esi, iskar farko da za ta bugi fuskar fasinja tana ɗauke da shi: wari irin na tabarmar da aka naɗe da lema, ko na ɗakin da aka kulle tun farkon damina. Bayan minti biyu ko uku hanci ya saba, sai a ce ya wuce. Direba ya ƙara fesa turare, wani ya yi atishawa ya ɗora wa sanyi laifi, mai asma a kujerar baya kuwa ya soma laluben abin shaƙarsa a aljihu.

Funfuna ce, wadda kowace uwargida ta sani a kan kwantan tuwo da bangon ɗakin da ke yoyo. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Kafin ta samu gurbi a bayan dashbod sai da abubuwa uku suka haɗu: wata na'ura da aka ƙirƙira a Amurka domin matse ruwa daga iska, wata hanyar ciniki da ta biyo ta Beljiyam da Kwatano, da kuma yanayin kudancin Kano, inda ƙurar hunturu da laimar damina ke karɓa-karɓa a kowace shekara.

A 1902 wani kamfanin ɗab'i mai suna Sackett & Wilhelms, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ya rasa yadda zai yi da laimar lokacin zafi. Takarda tana shan danshi ta kumbura, in ta bushe ta motse, launukan da ake bugawa ɗaya bayan ɗaya suka ƙi hawa kan juna daidai. Aka miƙa matsalar ga wani injiniya ɗan shekara 25, Willis Carrier. Dabararsa ita ce a tura iskar ɗakin ta ratsa bututun ƙarfe masu sanyi. Duk wanda ya taɓa ajiye kwalbar lemo mai sanyi a kan tebur a watan Agusta ya ga abin da ke biyo baya: jikin kwalbar ya yi gumi, domin iska in ta yi sanyi ba ta iya riƙe ruwan da take ɗauke da shi, sai ta sauke shi a kan abin da ya sanyaya ta. Abin da Carrier ke nema ke nan, wato busasshiyar iska domin takarda. Sanyin da jikin mutum ke ji riba ce da ta biyo baya. Wannan asali yana da muhimmanci, domin yana nufin duk iyakwandishan da ke duniya, ta ofis ce ko ta mota, tana haifar da ruwa muddin tana aiki cikin iska mai laima, kuma dole ruwan nan ya samu mafita.

Kamfanin Packard ne ya fara sa ta a motar hawa a 1939. Abin bai yi kasuwa ba. Na'urar ta cinye kusan rabin but, kuɗinta dala 274, kuma ba ta da makunni: in sanyi ya ishi mutum, sai ya tsaya ya buɗe bonet ya cire bel da hannunsa. Sai a 1954 kamfanonin Nash da Pontiac suka fito da tsarin da ya ɗore har yau, inda aka kwaso komai aka mayar gaban mota. Ɓangaren da ke yin sanyin, wanda masu gyara ke kira ebaforeta, aka cusa shi cikin akwati a bayan dashbod. Zuwa 1969 fiye da rabin sababbin motocin Amurka da esi suke fitowa.

Wannan ƙaura daga but zuwa bayan dashbod ta warware matsalar wuri, ta kuma haifar da wata. Ebaforeta tarin siraran faifan alminiyam ce da aka jera kusa da juna kamar haƙoran mataji. Tana aiki sanyinta na sauka kusa da na ƙanƙara, ruwa na tsattsafowa a jikinta yana taruwa a ƙasan akwatin, wani ƙaramin tiyo yana zubar da shi waje. Shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga ƙarƙashin motar da ta tsaya. Amma in an kashe inji, faifan suna nan jiƙe, cikin duhu, a rufe, zafin inji da na rana suna ɗumama su a hankali. Ko da gangan mutum zai gina wa funfuna ɗaki, da wuya ya fi wannan. Ga shi kuma a yawancin motoci hannu ba ya kai wa wurin sai an kwance dashbod gaba ɗaya, aikin da kan cinye wa bakanike yini.

Masu ƙera motoci da likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1984 wasu likitoci a jihar Louisiana, mai zafi da laima, suka wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine, inda suka nuna cewa wasu masu asma da masu yawan atishawa ciwonsu na tashi in an kunna esin mota, suka kuma samu funfuna a cikin na'urorin. Filtar da ke tace iskar da ke shiga cikin mota ana danganta farkonta da Saab 900 a ƙarshen shekarun 1970, amma ta ɗauki shekaru da yawa kafin ta zama ruwan dare. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2020 Mercedes-Benz ya yi sulhu da masu motocin da suka kai shi ƙara a Amurka kan warin funfuna a esi, ba tare da ya amsa laifi ba. A shekarar ce kuma Hyundai ya sanar da tsarin da fanka ke tashi da kanta bayan an kashe mota, ta busar da ebaforeta. Shekara sittin da shida ke nan bayan Nash, ana ta faman gyara abu guda.

Motocin da suka fara sanin hanyar Tudun Wada ba su da wannan damuwa. Manyan motoci ne masu bodin katako, Bedford da Austin, daga baya Mercedes 911, suna jigilar hatsi da mutane da kayan masu haƙar kuza na Riruwai. Gefensu a buɗe, rufinsu tamfal, iska na shiga ta fita yadda ta ga dama. Akori-kura ta Peugeot 404 ma haka take. Kujerar gaba leda ce, daɓen ƙarfe ne da shimfiɗar roba. In ruwa ya jiƙa mota, yaron mota ya share da tsumma, rana ta ƙarasa aikin. Fasinja ya sha ƙura, ya sha zafi, wani lokaci ya sha ruwan sama, amma bai shaƙi funfuna ba.

Mutanen da ke hawan waɗannan motoci kuwa gwanaye ne a yaƙi da laima, domin ƙasarsu ta koya masu. Kudancin Kano ya fi sauran jihar ruwa. A Doguwa, inda duwatsun Riruwai suka haura mita 1,000, ruwan shekara kan wuce milimita 1,000, damina kan riga ta birni sauka, ta kuma riga ta daɗewa. Shi ya sa masara da shinkafa suka karɓi yankin. Manomin nan bai taɓa ɗora rumbu a kan ƙasa ba: sai a kan duwatsu, domin iska ta bi ta ƙarƙashi, a sa masa hular jinka domin ruwa ya zame. Ba a zuba hatsi sai an gwada ƙwaya da haƙori an ji ta yi ƙaras. Matan da ke turara shinkafa a Tudun Wada sun san cewa rabin aikin shanya ce. Rana na buɗewa a tsakiyar marka za a ga an fito da buzu da gafaka da littattafan malam, da manyan rigunan da ke cikin adaka, an baza a tsakar gida. Babu wanda ya kira wannan kimiyya, amma abin da littattafan yau ke faɗa bai wuce shi ba: funfuna na bukatar danshi, da ɗumi, da abin ci, da iskar da ba ta motsi. A hana ta danshi kawai, sauran ba za su amfane ta ba.

Arewa ta taɓa ganin ranar wannan sani a babban fage. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi sawu sai aka tarar da guba a cikin tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil, gubar da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa, aka raɗa mata suna afalatoksin. A lokacin Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, dalar gyaɗa na tsaye a Kano, saboda haka labarin ya taɓa aljihun Jihar Arewa kai tsaye. Masana a cibiyar binciken noma ta Samaru suka duƙufa, kuma abin da suka gano ya koma kan shanya: gyaɗar da ɓawonta ya fashe, ko ta daɗe a jiƙe bayan cira, ita ce funfuna ke kamawa, maganin kuma a busar da ita da wuri. Gubar gyaɗa ta hanyar ci take cutarwa, ba ita ake shaƙa a mota ba. Amma dangin Aspergillus ɗin nan, tare da Penicillium da Cladosporium, suna cikin waɗanda masu bincike ke samu a jikin ebaforeta.

Rufaffiyar mota ta iso wa ma'aikacin Arewa ne tare da kuɗin fetur. Cikin 'yan shekaru abubuwa suka zo a jere: Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, injiniyoyi da jami'an gona suka yawaita a yankin, ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, sannan a 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci. Peugeot 504, wadda kowa ke kira fijo, ta zama motar gwamnati, motar malamin makaranta mai rancen mota, kuma motar haya. Mai esi a cikinsu ta manya ce. Wagon ɗin da ke lodin Jos gilashi a sauke take tafiya. Kuma ko wadda ke da esin, sabuwa aka saye ta, mai ita ya san duk abin da ya taɓa samunta tun daga ranar da ta bar Kaduna.

Shekarar 1986 ta kawo ƙarshen wannan zamani. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Kasuwa ta juya ga motocin da Turawa suka gama hawa. A unguwar Heyvaert ta birnin Brussels ake tara su, a loda su a jirgi a Antwerp, a sauke a Kwatano. Daga nan ne kalmomin "Beljiyam" da "'yar Kwatano" suka shiga bakin Bahaushe, har aka wayi gari tsohon firji da tsohuwar talabijin ma Beljiyam ake ce masu. Da yawa daga motocin takardunsu na cewa Nijar za su, sai su haura arewa su biyo ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi, su faɗo Nijeriya ta baya. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017, abin da ya ƙara karkata cinikin zuwa tashoshin Legas. Girman kasuwar ya fito a wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020: tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo.

Waɗannan motoci an yi su ne domin wata ƙasa da wani yanayi. Golf da Sharan da suka gaji fijo a tashoshin mota, da Camry da Accord da suka cika harabar ma'aikatu, kujerunsu yadi ne a kan soso, daɓensu kafet ne, ƙarƙashin kafet kuma akwai wata shimfiɗa mai kauri kamar bargo, wadda aka sa domin tare sanyi da ƙara. Shimfiɗar nan in ta sha ruwa takan riƙe shi makonni, alhali kafet ɗin sama ya bushe a taɓawa. Robobin ƙofa sun rufe ruf. Ga ebaforeta da ta riga ta yi shekara goma ko fiye tana tara dattin wani gari. Mai saye yana duba inji, da giya, da fenti, da ko sanyin esi na kamawa. Ba kasafai wani ke durƙusawa ya sa hannu ƙarƙashin kafet ba.

Akwai kuma rukunin da tarihinsa ya fi nauyi. Tun da kasuwa ta karkata ga Amurka, dillalai da yawa a gwanjon intanet suke saye, a wurare irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka biya masu su diyya suka yafe. Wasu haɗari suka yi, wasu ruwa ya ci. Hukumar da ke bin diddigin zambar inshora a Amurka ta ƙidaya motoci masu inshora kusan 300,000 da guguwar Katrina ta lalata a 2005, kimanin 250,000 a guguwar Sandy ta 2012, da fiye da 422,000 a guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017. A can, motar da ruwa ya ci ana buga mata tambari a takarda, farashinta ya faɗi warwas. Da zarar ta tsallaka teku tambarin ya zama labari. Motar da ta kwana biyu cikin ruwan kwata, ta yi makonni a filin gwanjo, ta ƙara wasu a kulle cikin kwantena a kan teku, ta sauka a laimar Legas, sai a wanke ta, a goge, a fesa turare, a sa mata lamba. Hukumomin lafiya na Amurka suna cewa abin da ya jiƙa in bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba, funfuna na iya kama shi. Sai mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Ba kowace Beljiyam ba ce ta sha ruwa, kuma ba kowane dillali ne ke ɓoye abin da ya sani ba. Wani ma shi kansa hoto ya gani ya saya. Sannan ba sai an je Houston ba: madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta Alau ta nutsar da Maiduguri a watan Satumban 2024, kuma kowace damina akwai unguwannin Kano da Legas da motoci ke iyo. A ƙasar da ba a jefar da mota, wadda ta nutse ma gyara ta ake yi, wata rana kuma ta canja hannu. Araha dai ba ta ado.

Ko motar da ba ta taɓa ganin ambaliya ba, shekara guda a kudancin Kano ta isa. Aikin hawa biyu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya haɗa da ta hanyoyin burji, da ƙaiƙayin sussuka, da tokar ƙunar daji. Fankar mota na zuƙar duk wannan tana cusa shi tsakanin faifan ebaforeta, musamman in babu filta, ko an cire ta an yar saboda ta toshe, abin da wasu masu gyara ke yi domin iska ta ƙara ƙarfi mai mota ya ji daɗin biya. A lokacin babu abin da ke faruwa, domin iska a bushe take ƙarau. Bazara ma haka: esi na aiki kamar zai mutu, amma ruwan da yake matsowa kaɗan ne. Sai damina ta kankama. Ƙurar da ta kwanta ta jiƙe ta zama taɓo, taɓon ya zama abinci, wani kuma ya gangara ya toshe tiyon da ke zubar da ruwa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya cika akwatin ya malalo ta wajen ƙafar fasinjan gaba, ya shige ƙarƙashin kafet. Mai mota ya zargi gilashi ko ƙofa, ko yaran da suka zubar da ruwan leda.

A wannan yanki kuma motar ma'aikaci ba ta ofis kaɗai ba ce. Ranar Asabar ita ce ke zuwa gona a Doguwa ko Kiru, ta dawo da buhun ɗanyar masara a but, da rake, da takalma masu taɓo. A kai ta wajen wanki, yaro ya kwarara wa kujeru ruwa da sabulu domin a ga ya yi aiki, a rufe ƙofofi tun ba su bushe ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin mai lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, an samu ƙarin wata hanya. Mutane da dama sun jingine mota, sai ranar biki ko tafiya gida. Motar da aka lulluɓe da tamfal a gindin mangwaro daga Yuli zuwa Satumba, gilasai a rufe, in aka buɗe ta akan tarar da sitiyari da bel sun yi fari-fari kamar an barbaɗa gari.

Abin da aka fi yi wa wannan matsala shi ne turare, kuma nan ne abin ya zama abin takaici. Bahaushe mai son ƙamshi ne, ba laifi ba ne a shiga mota a ji turaren wuta ko humra. Amma ƙamshi ba ya busar da komai. Uwar da ba za ta yarda a turara rigar da ba ta bushe ba a ninke a sa a akwati, ɗanta mai digiri biyu yana rataya ɗan kwali mai ƙamshi a madubi, alhali ƙarƙashin ƙafarsa soso ne jiƙe tun watan jiya. Sanin shanya bai ɓace ba, yana nan a tsakar gida da bakin rumbu. Ƙofar mota ce bai shiga ba, wataƙila domin ana ganin mota kayan Bature ce, maganinta sai abin gwangwani.

Bai kamata a zuzuta haɗarin ba. Mai cikakkiyar lafiya galibi abin da zai samu atishawa ce, da ƙaiƙayin ido, da toshewar hanci da zai ɗauka mura ce. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu asma, da ƙananan yara, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, da kuma waɗanda suka warke daga tarin fuka, domin tabon da ciwon ke bari a huhu wuri ne da Aspergillus ke iya zama. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, saboda haka wannan rukuni ba ƙarami ba ne. Sai kuma direban haya, wanda ke yini a cikin motar, ya kwana a cikinta a tasha.

Gyaran, in an bi shi daki-daki, shanya ce da aka sa wa kayan aiki. Farko a nemo inda ruwa ke fitowa, domin duk abin da aka wanke kafin a toshe kafar, aikin baban giwa ne. A duba tiyon ebaforeta a buɗe shi, a duba magudanan da ke ƙasan gilashin gaba inda ganye ke taruwa, da na rufin da ake zugewa in motar na da shi, da ramin safaya. Filta, wadda a motoci da yawa tana bayan akwatin gaban fasinja, a sauya ta, kuma a ƙasar hunturu lokacin sauyinta shi ne ƙarshen ƙura kafin ruwan farko, ko me littafin motar ya ce game da kilomita. Akwai kumfa ta musamman da ake turawa cikin akwatin ebaforeta ta narke datti ta fito ta tiyo. In abin ya yi nisa, babu makawa sai an kwance dashbod. Bilic irin su Hypo da Jik ba na wannan wuri ba ne: yana cin alminiyam, yana ɓata yadi, in kuma aka gauraya shi da binega ko wani abin wanki yakan tayar da iska mai guba a cikin rufaffen wuri. Injin ozon da wasu wuraren wanki suka fara kawowa yana rage wari, amma iskarsa na cutar da huhu, ba a zama cikin mota yana aiki, kuma ba ya maye gurbin busarwa.

In ruwa ya kai ƙarƙashin kafet, sai an kwance kujeru an ɗaga kafet ɗin an fito da shi. Shimfiɗar da ke ƙasa in ta yi baƙi, yar da ita ya fi wanke ta. Mai aikin ya rufe hanci da baki, ya yi shi a fili. A nan yankin yana da wata dama da masu motocin Legas da Fatakwal za su yi kishi: hunturun da ya kawo ƙurar shi ne kuma mafi kyawun mabushi, kuma kyauta yake. Kafet ɗin da zai yi mako bai bushe ba a watan Agusta, a Disamba yini ɗaya ko biyu ya ishe shi. Bayan haka sai ɗabi'a: a kashe sanyin esi 'yan mintoci kafin a isa, a bar fanka na hurawa da iskar waje domin faifan su bushe, kuma motar da aka ajiye a riƙa buɗe ta duk ranar da rana ta fito.

Mai shirin sayen Beljiyam yana da makamin da iyayensa ba su da shi a zamanin Kwatano. Tun 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba. Da ita ana iya neman tarihin motar a wayar hannu, wani lokaci har da hotunanta a filin gwanjo, taɓo a jikin kujeru. Abin da takarda ta ɓoye kuma jikin motar kan tona. A ja bel har ƙarshensa a duba ko akwai zanen ruwa. A leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa, a ɗaga safaya a nemi busasshen taɓo, a lura da sabon kafet a cikin tsohuwar mota. Ƙamshin da ya yi yawa a motar sayarwa shi ma abin tambaya ne.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo. Motar da ta taso daga Kano a watan Agusta, esi na aiki tun daga Na'ibawa, in ta tsaya a Tudun Wada domin salla ko cin abinci, cikin 'yan mintoci ya kamata a ga ruwa ya jiƙa ƙasa a ƙarƙashinta, daidai wajen ƙafar fasinjan gaba. In aka leƙa aka ga ƙasa a bushe, to ruwan yana ciki.